Idan Hannu Ya Kuɓuce: Daga Bangon Olamfik Zuwa Madacin Bagudo

Daga watan Fabrairu zuwa Mayu, idan ciyawa ta ƙare a dajin da ke tsakanin Kaoje da Tsamiya har zuwa Segbana a cikin Jamhuriyar Benin, abincin shanu yakan koma sama. Makiyayi ya rataya barandami a kafaɗa, ya tuɓe takalmi, ya rungumi gindin madaci ko kawo ko madobiya, ya dinga cusa yatsun ƙafa a tsagar ɓawo har ya kai reshen farko, wanda a babban madaci yakan fi tsayin soro. Daga nan sai ya bi reshe zuwa inda ganye ya fi yawa, wato inda reshen ya fi siranta, ya riƙe da hannu ɗaya, ya yi sara da ɗayan. Shanu sun san wannan sauti, da sun ji shi sai su taru a ƙasa suna jiran ganye ya zubo. Babu igiya a ƙugunsa, babu komai a ƙarƙashinsa sai busasshiyar ƙasa da ƙahonin shanu. Haka mai ɗiban kuka yake hawa kan turakun da aka kafa a jikin itacen, haka mai rataya amya, haka mai hawan giginya. A ƙasar Bagudo hawa aiki ne na yau da kullum, kuma ba a lissafa shi cikin sana'o'i.

A wasu ƙasashe kuwa akwai waɗanda hawa ne kaɗai abincinsu. Suna da masu horarwa da likitoci da kamfanonin da ke ɗaukar nauyinsu, kuma tun shekarar 2021 suna da gurbi a gasar Olamfik. Wanda ya ga ɗayansu a talabijin yana lilo da yatsu biyu a jikin bango zai ɗauka ƙarfin zuciya ne ya raba shi da sauran mutane. Ni ina ganin ba nan bambancin yake ba. Makiyayin Kaoje ya fi shi jefa rai cikin haɗari nesa ba kusa ba. Abin da ƙwararren mai hawa ya mallaka, wanda aka gina sana'arsa gaba ɗaya a kai, shi ne damar faɗuwa ba tare da ya karye ba. Wannan ita ce hajar da ya kamata mu karɓo daga wasan, tun kafin a yi maganar lambar zinare.

Wasan ya kasu gida uku. Akwai hawan gajeren dutse, wanda a gasa ake yi a bangon da bai wuce mita huɗu da rabi ba, babu igiya, amma an shimfiɗa katifa mai kauri a ƙasa. Masu tsara gasa sukan kafa mariƙai na roba a jikin bangon ta hanyar da za ta ɗaure kai, a ba ɗan wasa minti huɗu ko biyar ya gano yadda zai kai mariƙin ƙarshe ya dafa shi da hannu biyu. Akwai hawa da igiya a bango mai tsayin mita 15 ko fiye, inda mai hawa ke saƙala igiyarsa a ƙugiyoyi yana tafiya, abokinsa na ƙasa yana riƙe da ɗaya bakin, wanda ya fi nisa cikin minti shida ya ci. Na uku tsere ne: mutum biyu a kan bango iri ɗaya mai mita 15, wanda ya riga taɓa maɓallin sama ya yi nasara. Bayan gasa kuma akwai hawan duwatsu na ainihi, inda babu alƙali babu agogo, sai dai mutum ya bi wata hanya a jikin dutse da ba wanda ya taɓa iya bi, masu hawa na duniya su yarda da matakin wahalarta. Kayan aikin kaɗan ne: takalmi mai matse ƙafa da tafin roba, garin alli don busar da gumin hannu, ɗamara mai kama ƙugu da cinyoyi, da igiya.

Janja Garnbret ita ce misali mafi fitowa fili na yadda wannan sana'a take tafiya. An haife ta a shekarar 1999 a wani ƙaramin gari a ƙasar Sulobeniya, ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan biyu da 'yan kai ba, alhali jihar Kebbi ta haura miliyan uku tun a ƙidayar 2006. Tana ƙarama ta addabi gida da hawan bishiyoyi da bakin ƙofofi, sai iyayenta suka kai ta ƙungiyar masu hawa tana da kimanin shekara bakwai. Daga gasar yara ta shiga ta matasa, daga nan ta shiga ta manya tana da shekara 16. A 2019 ta cinye dukkan zagaye shida na gasar kofin duniya ta hawan gajeren dutse, abin da ba a taɓa yi ba. Ta ci zinare a Tokiyo a 2021, ta karya babban yatsan ƙafa a farkon 2023, ta warke, ta sake cin zinare a Paris a 2024. Yarinya mai hawan bishiya akwai ta a kowace ruga da kowane ƙauye daga Illo zuwa Zagga. Abin da ya faru da Garnbret shi ne ta faɗa hannun mutanen da suka shimfiɗa mata katifa, suka ce ta faɗo sau nawa take so.

Yawan faɗuwar da ke cikin wannan sana'a shi ne abin da mai kallo ba ya gani. A ƙasar Finlan akwai wani dutse da bai fi mita huɗu ba, wanda Nalle Hukkataival ya shafe fiye da shekara uku yana komawa gare shi. Duk abin da ake buƙata 'yan motsi ne da ba su kai goma ba, amma mariƙan sirara ne ƙwarai, dutsen kuma ya rinjayo kan mai hawa. Ya faɗo ba adadi kafin ya kai sama a watan Oktoba na 2016, kuma sai a 2023 aka samu na biyu, Will Bosi ɗan Birtaniya, wanda ya fara da gwaji a kan kwafin mariƙan da aka ƙera aka kafa a ɗakin horo. Adam Ondra ɗan Jamhuriyar Cek ya yi irin wannan naci a wani kogo da ke Flatanger a ƙasar Norwe, a kan hanya mai kimanin mita 45 wadda a wani wuri sai mutum ya juya kai ƙasa ƙafa sama. Ya gama ta a watan Satumba na 2017, aka ba ta matakin wahala na 9c, na farko a tarihi. Kowace faɗuwa da ya yi a wannan kogo igiya ce ta tare shi. Igiyar ba irin ta guga ba ce: an saƙa ta ne ta yadda za ta ɗan miƙe idan nauyi ya faɗa mata, ta shanye ƙarfin fizgar maimakon ta mayar da shi ga ƙashin baya. Ɗamarar tana raba nauyin ga ƙugu da cinyoyi, ƙugiyoyin kuma an gwada su su ɗauki kimanin tan biyu. Mutum ya faɗo, ya yi lilo, ya huta, ya tuna inda ƙafarsa ta zame, ya sake. Da haka jiki ke koyon abin da ba a iya koya masa da baki.

Za a iya kawo Alex Honnold, Ba'amurken da ya hau dutsen El Capitan mai kusan mita 900 ba tare da igiya ba a watan Yuni na 2017, a ce ga shi nan, gwanintar gaske ba ta buƙatar kariya. Amma kafin wannan rana ya daɗe yana bin hanyar a ɗaure da igiya, yana haddace kowane mariƙi, yana maimaita wuraren da suka fi wuya. Kuma cikin fitattun masu hawa ba igiya akwai waɗanda dutse ya kashe, irin su John Bachar a 2009. Su kansu masu sana'ar ba su ɗauki wannan a matsayin hanyar da ake ɗora yaro a kai ba.

To, mai hawan madaci a bakin iyakar Benin kullum irin hawan Honnold yake yi, ba tare da ya taɓa samun ranar gwaji da igiya ba, kuma da makami a hannu. Ƙwarewarsa ta gaske ce: ya san reshen da ya bushe daga ciki, ya san itacen da tururuwa ko zuma suka kama, ya san ba a hawa bayan raɓa. Masu bincike irin su Orou Gaoue da Tamara Ticktin sun yi nazarin yadda Fulanin arewacin Benin ke saran ganyen madaci, suka nuna cewa akwai ilimi mai zurfi a cikin al'adar. Sai dai ilimi ne da kuskure ɗaya ke iya rufe littafinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, ita ce ta biyu bayan haɗarin mota cikin mace-macen da raunin da ba na ganganci ba ke jawowa, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari suna faruwa ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Wannan adadi ya haɗa da tsofaffi da ke faɗuwa a gida, amma likitocin ƙashi a Afirka ta Yamma sun daɗe da sanin faɗowa daga bishiya cikin abubuwan da ke tsinka laka. Idan abin ya faru a daji bayan Kaoje, yawanci a kan babur za a ɗauko mutum, ana girgiza ƙashin da ya kamata a hana shi motsi, a fara kai shi wurin mai ɗori, sannan in hali ya yi a nufi Birnin Kebbi ko Sakkwato. Wanda ya tsira da rai ƙafafu sun shanye, gidansa ya rasa majiɓinci kuma ya samu majinyaci na shekaru.

Haɗarin kuma ƙaruwa yake yi. Itatuwan nan uku da shanu ke dogara da su a rani su ne dai masu safarar katako suka fi nema. Saran madobiya don kai wa Sin ya yi yawan da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu tun 2017, madaci da kawo suka bi ta bayan taron 2022. Inda bishiyoyi suka ragu shanu kuma ba su ragu ba, waɗanda suka saura ake komawa kansu kowace shekara. Rassan ƙasa sun ƙare, dole a ƙara sama, a ƙara fita bakin reshe.

Ƙorafi na farko da za a yi shi ne cewa wannan wasan Turawa ne da masu hali, bai shafi mutumin da ke neman abin kai wa baki ba. Akwai gaskiya a ciki. 'Yan Afirka da suka shiga gasar hawa a Tokiyo da Paris duk daga Afirka ta Kudu suka fito, ƙasar da ke da ɗakunan horo da kuma duwatsun Rocklands da masu hawa na duniya ke tururuwa zuwa gare su. Amma Indunusiya ba ƙasar Turawa ba ce, kuma Veddriq Leonardo, ɗan birnin Pontianak, ya ci zinaren tsere a Paris cikin daƙiƙa 4.75. Kafin shi, Aries Susanti Rahayu ta zama mace ta farko da ta hau bangon nan cikin ƙasa da daƙiƙa bakwai, a 2019, sanye da ɗankwalinta. Ƙasarsu ta lura cewa bangon tsere iri ɗaya ne a ko'ina a duniya, ana iya gina shi a harabar makaranta, sai ta zuba ƙarfinta a nan. Mayar da aikin hannu gasa kuwa ba baƙon abu ba ne a Kebbi. Su da iyo da tseren kwalekwale duk aikin masunta ne kafin bikin Argungu ya mayar da su abin kallo tun 1934. A Kwatarkwashi ta jihar Zamfara ma an san tsohuwar al'adar hawan dutse don kamun maiki.

Duk da haka ba zan ce wa saurayin Bagudo ya bar kiwo ya nufi Olamfik ba, domin sana'ar ba ta da faɗin da hotuna ke nunawa. Kyautar wanda ya zo na ɗaya a zagayen kofin duniya 'yan dubban Yuro ce, wadda kuɗin jirgi da masauki na kakar wasa ke iya lashewa. Ƙalilan ne ke rayuwa da kwangilar kamfanonin takalma da tufafi. Wasu albashin soja ke riƙe da su, kamar Jakob Schubert na Ostiriya wanda ya ci tagulla a Tokiyo da Paris, da yawa kuma suna koyarwa ne ko tsara bango a ɗakunan horo. Jijiyoyin yatsu suna tsinkewa, kafaɗa tana lalacewa. Akwai kuma cuta mafi muni, ta ƙin cin abinci don jiki ya yi sauƙin ɗagawa. Kai Lightner, baƙar fata ɗan Amurka wanda ya fara hawa yana da shekara shida, ya fito fili a 2020 ya bayyana yadda ya yi fama da ita. A 2023 Garnbret ta yi magana a kai, likita Volker Schöffl ya ajiye muƙaminsa a hukumar wasan ta duniya saboda yana ganin ba a ɗauki matakin da ya dace ba, sai a 2024 aka fito da dokar gwajin lafiya kafin gasa. Wannan duka yana ƙara nuna cewa wasan ya ci gaba ne a duk inda ya kare jikin mai hawa, ya kuma yi rauni a inda ya yi sakaci da shi.

Abin da ya fi amfani gare mu ya riga ya fita daga filin wasa ya shiga kasuwar aiki. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanonin haƙar mai a tekun Birtaniya suka ga cewa dabarun masu hawan dutse da masu shiga kogo sun fi kafa katakon gini sauƙi da arha, aka kafa ƙungiyar IRATA don tsara horon aiki a kan igiya. Matakin farko na horon kimanin mako guda ne, kuma ƙa'idarsa igiya biyu ce, in ɗaya ta tsinke ɗaya ta riƙe. Masu gyaran bishiya a ƙasashe da dama ma haka suke yi: a jefa siririn zare mai nauyi a baki ya haye reshe mai ƙarfi, a ja igiya ta bi shi, mutum ya ɗaure ta a ɗamararsa da wani ƙulli da ke zamewa idan an tura shi da hannu, ya cije idan nauyi ya faɗa masa. Da ya kai wurin sara sai ya ƙara gajeriyar igiya ya zagaye reshe, hannayensa biyu su samu 'yanci. Babu inji, babu lantarki, babu abin da mutumin da ya iya tufka da ɗaurin dabba zai kasa koya cikin kwanaki. Wanda ya koya kuma ya samu ƙofar wani aikin: ƙarfen sabis da ke tsaye a garuruwan bakin iyaka, falwaya, tankin ruwa, allunan sola a kan rufi, duk suna buƙatar mutumin da tsayi ba ya juya masa kai kuma ya san yadda ake ɗaure kai.

Sai maganar kuɗi, kuma ba ƙarama ba ce, domin kayan daga waje ake shigo da su, Naira kuma ta faɗi. Amma igiya da ɗamara ɗaya suna iya yi wa ruga guda aiki na shekaru in an kiyaye su daga rana da yashi da bakin barandami, tunda ba kowa ke hawa a lokaci ɗaya ba, kuma kuɗinsu bai kai na jinyar wanda ya karya baya ba. Abin da nake tsoro shi ne rabin ilimi: mutum ya ɗaura igiyar kasuwa a ciki ya ɗauka ya tsira. Igiyar da ba ta miƙewa, in an ɗaura ta a tsakiyar ciki, tana iya yi wa mai faɗowa lahani a haƙarƙari da hanji, kuma wanda aka bari yana rataye ba motsi na tsawon lokaci yana iya suma. Don haka rabon kaya ba tare da horo ba ya fi rashinsu haɗari. Dole a koyar da zaɓen reshen da za a rataya igiya, da duba ta kafin hawa, da yadda abokin da ke ƙasa zai sauko da wanda ya ji rauni.

Wani zai ce ajali ba ya wuce ranarsa, wani kuma zai ji kunyar a gan shi a ɗaure kamar ba namiji ba. Na farko malamanmu sun daɗe da amsa shi, cewa dogaro ga Allah ba ya soke riƙo da sababi, kuma makiyayin da ke yi wa shanunsa allurar rigakafi ya riga ya yarda da haka a kan dukiyarsa. Na biyun ya fi wuya, domin kunya da jarumta suna da nauyi a tarbiyyar samarin ruga, kuma ba na raina wannan. A nan ne wasan ke da amfanin da wa'azin ma'aikacin lafiya ba shi da shi. Saurayin da ya ga Ondra a waya, ya ga ƙarfin da ke hannunsa, ya kuma ga yana duba ƙullinsa kafin ya ɗaga ƙafa, ba zai ƙara cewa igiya ta matsorata ce ba. In aka kafa bango mai katifa a wata makarantar sakandare a Bagudo, ko aka sa gasar hawa da ɗamara a wani taron makiyaya, ɗamarar za ta zama kayan gwani.

Akwai ƙorafi biyu da suka rage, kuma su ne masu nauyi. Na ɗaya, yankin yana fama da 'yan bindiga a bakin iyaka da ambaliyar kogin Neja, don haka wa ke da lokacin igiya? Amsata ita ce wannan ba ya cin kasafin tsaro ko na madatsar ruwa. Aiki ne da ƙungiyoyin makiyaya da na masu zuma da ma'aikatan gandun daji za su iya ɗauka, a horar da mutum kaɗan su horar da wasu, a ɓangarorin iyaka biyu, tunda dangi ɗaya ne ke kiwo a Tsamiya da Segbana kuma Fulatanci da Hausa da Dandanci suna tafiya a duka biyun. Na biyu kuwa, in hawa ya yi sauƙi, ba za a ƙarasa aske bishiyoyin da suka rage ba? Wannan tsoro yana da tushe, domin wahalar kai wa ƙololuwa tana cikin abin da ke barin wa madaci ganyen da zai rayu da shi ya yi 'ya'ya. Mai igiya zai iya kai wa inda mai rungumar gindi ba ya kaiwa. Saboda haka horon bai kamata ya zo shi kaɗai ba: dole ya zo da ƙa'idar da ardo da dagaci da ma'aikacin daji za su tsaya a kai, ta yawan rassan da za a bari da shekarun da za a huta wa bishiya kafin a koma mata. Mutumin da ke a ɗaure, hannayensa biyu a sake, shi ne ke da natsuwar zaɓen reshen da zai sara da inda zai sare shi don ya sake toho, abin da mai riƙe da hannu ɗaya yana saurin sauka ba ya samun sararin yi.